Jan naman da ke rataye a gilashi: amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Gwanzu

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da sauran mutanen gida. Na yi murna ƙwarai da jin cewa takardar gurbin karatunka ta fito, kuma a Guangzhou, wato garin da 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu, inda ni ma nake zaune shekaru da dama. Allah ya sa albarka, ya sa a gama lafiya.

Saƙonka ya iso ni tare da hoton da ka turo. Ka ce ka ga wani nama ja jawur, yana sheƙi, an rataye shi a ƙugiyoyi a bayan gilashin wani shago, kusa da gasassun agwagi, kana tambaya ko wani irin balangu ne na Sinawa. Ka kuma ce hankalin Hajiya ya tashi, don wata maƙwabciya ta gaya mata cewa a ƙasar Sin komai da alade ake dafa shi, har ta fara tunanin ko ka haƙura da tafiyar. Zan amsa maka duka biyun, kuma ina so ka karanta wa Hajiya wannan amsar da bakinka, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Naman da ke hoton alade ne. Mutanen nan lardin Guangdong suna kiransa char siu a harshensu na Kantonis, a Sinancin da za a koya maka a aji kuma chashao ake cewa. Ma'anar sunan ita ce gashin da aka yi a kan ƙarfe mai yatsu, domin a da soke naman ake yi da dogon ƙarfe a kara shi a wuta. Ana yanka naman kafaɗa a tsaitsaye, a jiƙa shi ya kwana cikin haɗin ruwan waken suya mai gishiri, da sukari, da tafarnuwa, da garin kayan ƙamshi guda biyar da suka haɗa da kirfa da kanumfari, galibi kuma da ɗan giyar girki. Jan launin yana zuwa ne daga wata jar awara da aka tsima, ko daga launin abinci kawai. In ya kusa nuna sai a shafe shi da zuma ko wani sukari mai danƙo, a mayar da shi wuta har gefensa ya ɗan ƙone. Wannan shi ne sheƙin da ka gani. Na yi maka wannan bayani dalla-dalla ne don ka gane shi duk inda ka gan shi, domin ba kullum yake zuwa a rataye ba. Ana yayyanka shi ƙanana a zuba a soyayyar shinkafa, ana ɗora shi a kan taliya, ana kuma cusa shi cikin wani farin burodi mai laushi da ake turarawa kamar alkubus ɗinmu, wanda ake kira char siu bao.

Yana da ɗan'uwa da ake kira siu yuk. Shi naman ciki ne mai layin tsoka da layin kitse, da fatarsa a jiki. Ana tsattsage fatar da tsinke, a shafa gishiri, a bar ta ta bushe, sannan a gasa har ta kumbura ta yi ƙurar-ƙurar, tana ƙaras-ƙaras in an sa wuƙa. Launinsa ruwan zinare ne, ba ja ba. A wajen biki ko ranar da suke ziyarar kaburburan iyaye da kakanni, wadda ake kira Qingming a farkon watan Afrilu, za ka ga an gasa ɗan alade sukutum an ɗauko shi a faranti. Irin shagunan da ke wannan gashi ana kiran sana'arsu siu mei, kuma a Gwanzu da Hong Kong da wuya ka yi tafiyar minti goma a unguwa ba ka ga ɗaya ba. Da azahar ma'aikata ke yin layi, a sara musu nama a kan shinkafa da ɗan ganye, su ci su koma aiki. A wurinsu matsayin shagon kamar na mai tsire ne ko mai balangu a bakin titi a wurinmu.

Na san abin da zai zo maka a rai, don ni ma ya zo min: to ai ga agwagwa da dinya da kaza a rataye, me zai hana in sayi waɗannan? Abu biyu ne. Na farko, ba yankan Musulmi ba ne, kuma yawancin masu shagunan ba Ahlul Kitabi ba ne. Na biyu, tsaya ka kalli mai saran na minti biyu. Gungumen itace ɗaya ne a gabansa, faffaɗar wuƙa ɗaya ce a hannunsa. Ya sara alade, ya share da tsumma, ya jawo dinya ya sara, ya ɗebo romo ya kwarara a kai. A tanda ɗaya aka gasa su, kitsen wannan na ɗiga kan wancan. Shagon siu mei dai ba naka ba ne, daga ƙugiyar farko har ta ƙarshe.

Amma ina roƙonka abu ɗaya tun kafin ka taso. Kada ka zo da halin toshe hanci ko tofar da yawu in ka wuce irin wannan shago, kamar yadda na ga wasu 'yan'uwanmu suna yi. Alade a wurin yawancin Sinawa shi ne nama. Kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya a ƙasar nan ake cinye shi. Gwamnati tana da rumbun ajiyar naman alade a daskare, kamar yadda wasu ƙasashe ke ajiye hatsi, don ta fitar da shi in farashi ya tashi. Ina nan lokacin da annobar zazzaɓin aladu ta ɓarke a 2018, ta kashe aladu ba adadi, zuwa 2019 farashin ya yi tashin gwauron zabo, kuma babu hirar da ake yi a kasuwa da motar haya sai ita, kamar yadda ake hirar farashin buhun shinkafa a gida. Hatta harafin da suke rubuta kalmar gida da shi, 家, hoton alade ne a ƙarƙashin rufi. Tsohuwar da za ta miƙo maka char siu a ranar biki mafi daraja daga abin da take da shi ta ba ka. Allah ya haramta mana shi a fili, a Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahli, kuma ba mu ci, ko an roƙe mu ko an yi fushi. Sai dai ƙin ci daban, wulaƙanta mai ci daban. Kai baƙo ne a garinsu, kuma da yawa daga cikinsu kai ne Musulmi baƙar fata na farko da za su zauna da shi.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi damuna, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa na zauna na yi maka doguwar amsa. Naman da ke rataye a gilashi ba ya yaudarar kowa. Ka gan shi, ka san shi, ka wuce. Wanda ke kama ɗalibanmu shi ne wanda ba a gani.

Fara da kalmar rou, wadda ake rubutawa 肉. Ma'anarta nama. To amma a takardar abinci ta gidan cin abincin da ba na Musulmi ba, in ka ga 肉 ita kaɗai, ba a faɗi na wace dabba ba, alade ake nufi. In naman sa ne za a ce niurou, 牛肉. In na rago ne ko akuya, yangrou, 羊肉. Kaza jirou, 鸡肉. Alade in an so a ambace shi zhurou ne, 猪肉, amma sau da yawa ba a damuwa a ambata. Manhajar fassara ta wayarka za ta fassara maka kalmar da nama kawai, ka ɗauka ka tsira. Wannan kuskure ya ci mutane da yawa.

Ni kaina ya taɓa ci na, a watanni na farko. Na shiga wani shagon burodi kusa da inda nake zaune da safe, na ga burodi da aka barbaɗa wa wani abu a sama, ruwan ƙasa-ƙasa, zare-zare, mai laushi. Wallahi ƙanena babu abin da ya raba shi da dambun naman da Inna ke yi mana bayan Babbar Sallah. Kewar gida ta kama ni nan take, ban tambayi kowa ba, na saya na ci. Na yi kwana uku ina saye. A rana ta huɗu wani abokin zamana, ɗan ƙabilar Hui ta Sinawa Musulmi, ya gan shi a hannuna, fuskarsa ta canza, ya ce min wannan rousong ne, kuma na shagunan burodi kusan duka da alade ake yi. Na ajiye shi, na wanke bakina, na koma ɗaki na zauna, zuciyata ta yi nauyin da ban taɓa ji ba. Na kira wani malami a gida, ya kwantar min da hankali cewa Allah ba ya kama bawa da abin da ya yi bisa kuskure da rashin sani, ya ce in yi istigfari in kiyaye gaba. Hankalina ya kwanta, amma darasin bai bar ni ba har yau: kama da wane ba ta wane. Mai shagon bai cuce ni ba, don ban tambaye shi ba.

Daga nan na fara koyon inda alade ke ɓuya. Kitsensa, wanda ake kira zhuyou, 猪油, shi ne babba. Da shi ake kwaɓa ɓawon kayan maƙulashe da yawa na gargajiya, irin kek ɗin ƙwai mai ɓawo da kek ɗin wata na bikin tsakiyar kaka. Wasu masu girki da shi suke soya ganye don ya yi ɗanɗano, sai ka ga faranti kore shar babu ko tsokar nama, alhali da kitsen aka yi. Romon da ake zuba wa taliya a ƙananan shaguna sau da yawa na ƙashin alade ne, ko da naman da aka ɗora a kai na sa ne. Ƙullin jatan landen nan da ake ci da shayin safe, har gow, akan sa masa ɗan kitsen alade don ya yi laushi, siu mai kuma naman alade ne da jatan lande. Awara mai yaji da ake kira mapo doufu tana zuwa da niƙaƙƙen nama a ciki, soyayyen koren wake ma haka. Akwai wani girkin gauta mai suna yuxiang qiezi, wanda fassarar sunansa ke nuna ƙamshin kifi, amma babu kifi a ciki, sau da yawa niƙaƙƙen alade ne. Kunun shinkafar da ake karyawa da shi a nan, mafi shahararsa da naman alade da baƙin ƙwai ake yi. Sannan ga giyar girki, liaojiu, 料酒, wadda ake ɗan tsiyayawa a kifi da nama don kashe ƙarni. Kuma kasko ɗaya mai zurfi ne a kan wuta tun safe, ana ɗauraye shi da ruwa kawai tsakanin girki da girki.

In Hajiya ta ji wannan za ta ce to ai maganar maƙwabciya ta tabbata. Ba ta tabbata ba, Hajiya, ki ƙara haƙuri ki ji sauran.

Musulunci ya fi shekara dubu a ƙasar nan. Ƙabilu goma ne gwamnati ta lissafa a matsayin waɗanda yawancinsu Musulmi ne, manya a cikinsu su ne Hui da Uygur, kowacce ta haura mutum miliyan 11 a ƙidayar 2020. Waɗannan mutane sun zauna tsakiyar masu cin alade ƙarni bayan ƙarni ba su ci ba, kuma sun gina nasu tsarin abinci da ake kira qingzhen. Ana furta shi kamar cing-jan, ana rubuta shi 清真. Waɗannan haruffa biyu su ne abu na farko da nake so ka haddace, kafin ma ka iya rubuta sunanka da Sinanci. Ka zana su a takarda, ka sa su a fuskar wayarka, har idonka ya riƙa tsinto su daga nesa. Galibi a kan koren allo suke. Kada ka dogara da neman kalmar halal da Larabci, domin daga wajen 2018 zuwa 2019 hukumomi sun sa an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna masu yawa a garuruwa daban-daban, amma haruffan Sinancin suna nan a wurare da dama. Inda ba ka ga allo ba, dubi mutanen: farar hula a kan maza, ɗankwali a kan mata, sannan ka yi sallama. Za ka ga yadda fuska ke sakewa.

Abincin da zai riƙe ka a shekararka ta farko shi ne taliyar Lanzhou, wato Lanzhou lamian, 兰州拉面. Babu birnin da na taɓa shiga a ƙasar nan ban same ta ba. Ana danganta asalinta ga wani Bahui mai suna Ma Baozi da ya fara sayar da ita a birnin Lanzhou a 1915, amma yawancin shagunan da za ka gani a nan kudu mutanen lardin Qinghai ne ke riƙe da su, musamman 'yan gundumar Hualong, miji da mata da 'ya'ya duk a shago ɗaya. A gabanka saurayi zai ɗauki curin kwaɓaɓɓiyar fulawa, ya ja, ya ninka, ya buga a tebur, ya sake ja, kafin ka ƙifta ido ta zama zaren taliya, ya jefa a tafasasshen ruwa. Romon na ƙashin sa ne, garai-garai, da yankan nama siriri, da man barkono ja, da ganyen albasa. Kwano ɗaya bai cika wuce yuan 12 zuwa 20 ba, ya danganta da unguwa. Naman kaɗan ne ƙwarai, kada ka sa rai da yawa, sai in ka biya a ƙara maka. Suna kuma yin soyayyar taliya, da shinkafa da miyar dankali da naman sa, da ƙwai da tumatir. Doka ɗaya ce a shagunan nan: ba a shiga da abincin waje. In abokin karatunka ya biyo ka da ledar abincinsa, gaya masa tun a ƙofa. Kuma kada ka rikita su da wasu ƙananan shaguna masu yawa kamar su da ake kira Shaxian, 沙县. Waɗancan ba na Musulmi ba ne, kuma alade ne ginshiƙin abincinsu.

In kewar tsire ta taso maka, nemi gidan abincin mutanen Xinjiang, yankin da 'yan ƙabilar Uygur suke. Tsiren ragonsu a kan gawayi ake gasa shi, da barkono da wani kayan ƙamshi da suke kira ziran. Babu ƙuli-ƙuli a yajinsu, don haka ba zai zama na gida ba, amma zai share maka hawaye. Suna da dafa-dukar shinkafa da karas da naman rago, da gurasar tanda mai faɗi da suke kira nan, da wani babban farantin kaza da dankali mai suna dapanji wanda mutum uku za su ci su ƙoshi. Ka sani cewa wasu daga cikin waɗannan gidaje suna sayar da giya duk da naman na halal ne. Ni ina zaɓar waɗanda ba su sayarwa in na samu, kai ma ka duba abin da zuciyarka ta natsu da shi.

Har girkin Kantonis ɗin kansa ba a rufe maka ƙofarsa ba. Akwai tsohon gidan abinci na Musulmi a titin Zhongshan na shida, Huimin Fandian, inda ake yin irin kayan shayin safen nan da gashin nan na gargajiya da naman sa da kaji da agwagi na halal. Ba shi da nisa da masallacin Huaisheng da ke titin Guangta, ɗaya daga cikin masallatai mafi tsufa a ƙasar, mai doguwar farar hasumiya. A kewayensa akwai mahautan Musulmi. Juma'a kuwa yawancinmu a masallacin Xianxian muke yi, kusa da lambun Yuexiu, inda za ka ga Larabawa da mutanen Pakistan da Mali da Gine da Nijar da Najeriya sahu ɗaya da Hui da Uygur. Mutanen nan suna cewa kabarin da ke wurin na Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne. Abin da malaman tarihinmu suka tabbatar shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne shi, amma kada ka mai da wannan abin gardama da dattawan wurin, ba shi ya kawo ka ba. Unguwar Xiaobei kuma, a kan layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa, nan ne matattarar 'yan Afirka da Larabawa, ko da yake ba ta cika kamar shekarun baya ba. A nan za ka ji Hausa a kan titi.

A makaranta, ranar da ka isa ka tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje ina qingzhen shitang yake, wato ɗakin cin abinci na Musulmi. Jami'o'i da yawa suna da shi, ko ɗaki guda ko taga ɗaya mai tukwanenta da farantanta daban. Kada ka ɗauki farantin can ka kai wancan ɓangaren, suna kiyaye wannan sosai.

Saura magana mai wuya, wadda babu allo ko manhajar da za ta warware maka ita: gayyata. Malaminka zai gayyaci ɗalibansa cin abinci, abokan ajinka za su yi murnar gama jarrabawa, wata rana in ka shiga harkar kasuwa mai masana'anta zai ɗauke ka zuwa babban gidan abinci. A nan ƙasar a kan teburin abinci ake ƙulla zumunci da amana. Na ga ɗalibanmu da tsoron alade ya sa suka kulle kansu a ɗaki shekara huɗu, daga Indomie sai ƙwai, ba su taɓa zama tebur ɗaya da Basine ba. Sun koma gida da takardar shaida, amma Sinancinsu bai nuna ba, kuma ba su da mutum ɗaya da za su kira a ƙasar. Wannan yana ba ni takaici matuƙa, don iyaye sun yi ɗawainiya, kuma rabin amfanin zuwan ya zube. Na kuma ga waɗanda kunya ta sa suka kasa cewa a'a, aka zuba musu suka ci, suna cewa ai lalura ce. Ba lalura ba ce a garin da shagon lamian ke kowace kusurwa.

Abin da nake yi shi ne in faɗa tun ranar da aka gayyace ni, ba sai an zauna an jera farantai ba. Wo shi Musilin, wo bu chi zhurou, bu he jiu. Wato ni Musulmi ne, ba na cin alade, ba na shan giya. Sinawa sun san wannan daga 'yan ƙasarsu Hui, ba baƙon abu ba ne a kunnensu. Sau da yawa mai gayyatar da kansa zai ce to mu tafi gidan abincin Xinjiang, don su ma suna son naman rago. Abin da ke ɓata musu rai shi ne ka yi shiru har mutum ya kashe kuɗinsa, sannan ka naɗe hannu a gaban baƙinsa, ka zubar masa da mutunci. In ba yadda za a yi a canza wuri, Gwanzu garin kifi ne, kuma mu a mazhabar Malikiyya duk abin da ke cikin ruwa halal ne. Nemi kifin da aka turara, qingzheng yu, da jatan landen da aka dafa a ruwa zalla, baizhuo xia, da farar shinkafa. Waɗannan ba soya su ake yi ba. Ka ce bu yao fang liaojiu, kada a sa giyar girki, ka kuma tambaya you meiyou zhuyou, akwai kitsen alade? Ka lura da kyau, qingzheng na turarawa, 清蒸, da qingzhen na halal, 清真, sun yi kama a kunne amma ba abu ɗaya ba ne. Wasu 'yan'uwa ko wannan ba su ci a gidan da ake dafa alade, kuma ina girmama matsayinsu. Ka tambayi malaminka kafin ka taso, ka zo da matsaya, kada ka bari sai kana zaune a tebur yunwa na cin ka sannan ka fara yi wa kanka fatawa. Akwai kuma gidajen abincin mabiya addinin Buddha, masu alamar 素, waɗanda ba su sa nama ko kitsen dabba ko kaɗan. Amma wannan harafin a takardar abincin gidan da ke dafa nama ba tabbaci ba ne.

In aka zo ɗaga kofi, za a matsa maka da giyarsu mai ƙarfi, baijiu. Ɗauki kofin shayinka ka ce yi cha dai jiu, wato shayi a madadin giya. Magana ce tasu, sun san ta, suna karɓarta. Ƙananan ladubba kuma za ka tsince su da ido: a nan Guangdong ana ɗauraye kwano da tsinkayen cin abinci da ruwan shayin farko, in an zuba maka shayi ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu alamar godiya, kuma kada ka taɓa soke tsinkayen a tsaye cikin shinkafa, don yana kama da turaren da suke kunna wa matattu. Ka fara koyon riƙe tsinkayen tun yanzu da fensir biyu da gyaɗa.

Ka zo da niyyar girki ma. Akwai kuɓewa ɗanya a kasuwa, da alayyafo iri-iri, da dankalin Hausa, da garin masara, da wani ƙaramin gero rawaya da nake dama kunu da shi da azumi. Shinkafarsu mai danƙo tana yin tuwo lafiya lau. Tukunyar shinkafa ta lantarki ita ce abu na farko da za mu saya maka, in dokar ɗakin kwananku ta yarda. In kana sayen kayan leda a kanti, juya bayansu ka nemi harafin 猪 a jerin kayan haɗi, har taliyar leda, don ƙullin yajin cikinta kan zo da shi.

Ka gaya wa Hajiya kada ta wahalar da kanta da kilishi ko dambun nama, domin dokar kwastam ta nan ta hana shigowa da nama kowane iri, ɗanye ko busasshe, karɓewa za su yi a filin jirgi. Ta daka maka yaji mai yawa, da garin kuka, da busasshiyar kuɓewa dakakkiya, da daddawa, a ƙulle su da kyau, in an tambaye ka kuma ka nuna ka faɗi abin da suke. In da wuri a jakar, a sako min kuka ko mudu ɗaya ne, tawa ta ƙare tun kafin azumi.

Turo min ranar da jirginku zai sauka a filin Baiyun da lambarsa. In Allah ya yarda ni zan tarbe ka, mu ajiye kaya, mu wuce shagon lamian na unguwarmu, in haɗa ka da mai shagon da iyalinsa. A hanya akwai shagon siu mei guda biyu, zan tsaya in nuna maka char siu da siu yuk da idonka. Ka gaishe min da Hajiya da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Yayanka, daga Gwanzu.